Ni na fitar da 'yata daga asibiti, likita ake tsinewa

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida masu kula da wannan shafi, ina gaida masu karatu, manya da yara. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin wani ya ɗauki waya ya fara zagina, ya daure ya karanta har ƙarshe. Zagin da za ku yi mini ba zai kai wanda nake yi wa kaina ba, ni shawara na zo nema.

Ni mahauci ne a Garuwa. Gadon fawa na yi, kakana daga ƙasar Kano ya zo da wuƙarsa, a nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni. Na kusa shekara talatin ina saran ƙashi. A kasuwa an san ni da taurin kai, in na kafe a kan magana ko Sarkin Fawa sai ya bi ni da lallashi, kuma da ina jin daɗin a faɗa. 'Yata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, don haka Ummi muke kiranta. Shekararta goma sha bakwai, tana lise, wato babbar sakandare. Duk takardar faransanci da ta shigo gidana ita ke karanta mini, don ni Hausa kawai nake iya haɗawa a waya. Takan zolaye ni ta ce faransancina na kilo da rabin kilo ne, da an wuce maganar nama sai in koma gyaɗa kai.

Wata biyar ke nan, ta je bikin 'yar ƙanena a Figil. A hanyar dawowa tayar motarsu ta fashe suna ƙoƙarin wuce wata babbar motar siminti, motar ta ƙwace ta faɗa kwazazzabo. Mutum biyu a nan take suka cika. Ina tsaye a teburina da hantsi aka kira ni, ban ma wanke hannu ba na haye babur sai asibiti. A lokacin matata tana kwana tara da haihuwa, ga hawan jini, an ja mana kunne kada a tayar mata da hankali. Sai na ce mata 'yar karaya ce da ƙujewa, na ɗauki ƙanwata Laure ta zauna jinya.

Ba 'yar karaya ba ce. Ƙafar dama ce, ƙasa da gwiwa, ta karye wuri biyu, ƙashin har ya huda fata ya leƙo. Likitar da ta karɓe ta mace ce, mutuniyar kudu, 'yar firit da ita, in ka gan ta a hanya sai ka ce 'yar makaranta ce. Ta wanke ciwon, ta ɗaga hoton ƙashin a hasken taga ta yi ta bayani, Ummi na kwance tana juya mini da Hausa. Wai sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma ciwon buɗaɗɗe ne, sai an riƙa wanke shi kullum ana kallonsa. Ni kuwa da na kalli hoton nan, me zuciyata ta ce? Cewa ta yi, wannan yarinyar a takarda ta ga ƙashi, ni a hannuna ya tsufa. Na san inda yake da tauri, na san inda ɓargo yake, na san gaɓa ko ido rufe. Ban tsaya na tuna cewa duk ƙashin da na taɓa riƙewa na matacciyar dabba ba ne.

Kada wani ya ce talauci ne ya sa. Wallahi ba shi ba ne, 'yan uwana mahauta sun tsaya mini tun ranar farko. Girman kai ne da tsoro. A ɗakin da aka kwantar da ita na ga wata mata da ƙarafa sun fito ta ƙaurinta kamar tsinken tsire, na ce ba za a yi wa 'yata haka ba. Masu zuwa dubiya kuma kowa da abin da yake raɗa mini, wai asibiti ba su san ɗori ba, yankewa suka sani. Ga kuma hannuna na hagu. Ina saurayi wani bijimi ya karya shi a mayanka, wani tsoho mai ɗori a wani ƙauye bayan Guider ya ɗora mini, har yau da shi nake danne nama. Tsohon ya rasu, amma ɗansa ya gaje shi. A kwana na uku, ana gobe za a shiga da ita aiki, na aiki Laure gida ɗauko kaya, na ce a kira mini likita, zan tafi da 'yata.

Baiwar Allah nan ta yi iya yinta. Ta yi faransanci, ta koma fillancinta na koyo, tana haɗa hannu tana ce mini "useni, Baaba, useni", wato roƙona take yi. Ummi na fassara maganar da ta shafi ƙafarta da bakinta.

"Baba, ta ce in aka ɗaure ciwon nan aka rufe shi, zai ruɓe daga ciki. Ta ce ƙafar za ta iya mutuwa."

Na ce, "Gaya mata ni na haife ki, ba ita ba."

Ummi ba ta fassara wannan ba. Da likitar ta ga ba zan tanƙwaru ba sai ta kawo farar takarda da biro, ta ce in rubuta da hannuna cewa an yi mini bayani, na ƙi, kuma duk abin da ya biyo baya a wuyana yake. Ina zan iya rubuta wannan da faransanci? Sai na miƙa wa Ummi. Aka ɗora mata littafi a kan ciki, likita na faɗa tana rubutawa, hawaye na gangara cikin kunnenta. Da ta gama na ja sa hannuna a ƙasa. Ta ɗago ta ce mini, a hankali yadda likita ba za ta ji ba, "Baba, ni fa ba na tsoron aikin." Na ce ta rufe mini baki, yaro bai san abin da ya fi masa ba.

A mota na kira matata. Na san halinta, na san ba za ta taɓa yarda ba, ita mai asibiti ce ko ciwon kai ne. Sai na ce mata likita ce ta sallame mu, ta ce ba su da mai aikin ƙashi a yanzu, mu je mu nemi na gida. Haka na gaya wa Laure, da ta dawo da kayan ta same mu muna shirin tafiya. Ummi na kwance a bayan mota, kanta a cinyar gwaggonta, tana jin duk abin da nake faɗa. Na ɗauka ƙarya ce ta sati uku, in ta taka ƙafarta ta shigo gida sai in ba da labari ana dariya.

A wajen mai ɗorin nan akwai al'ada. Za ka zo da kaza daga gidanka, ya karya mata ƙafa irin wadda majinyaci ya karye, ya ɗaure su rana ɗaya. Ranar da kaza ta taka, majinyaci ya kusa takawa. Haka aka yi mini da, haka na kai wata jar kaza daga cikin na matata. Ya karya ta, ya ɗaure. Sannan maza huɗu suka danne mini 'ya, ni ne na riƙe kafaɗunta, ya ja ƙafar, ya shafe da man shanu da wani garin magani har cikin ciwon, ya jera karare ya naɗe da tsumma tam. Ihun da ta yi har yau yana kunnena, in injin niƙa ya tashi a unguwa sai gabana ya faɗi. Ya ce ba a kwancewa sai an kwana bakwai, wanda ya taɓa ya ɓata aiki.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A kwana na huɗu da rana na shiga ɗakin da take, na ji wari. Kaɗan ne, wani ba zai ma lura ba. Amma ni? Ni da nake gane naman da ya fara juyawa tun daga bakin rumfa, kafin mai shi ya sani? Na gane shi sarai. Na kalli yatsun ƙafarta da suka leƙo ta ƙarƙashin tsumma, sun yi duhu, na taɓa na ji sanyi, ita kuwa jikinta zafi rau. Na fita na tsaya a gindin wata bishiya ina gaya wa kaina warin magani ne. Washegari Laure ta ce, "Yaya, anya ƙafar nan kuwa?" Na hau ta da faɗa, na ce mata suna da gaggawa da baƙin baki. Mai ɗori ya ce zafin jiki alamar ƙashi na kamawa ne, na riƙe maganarsa da hannu bibbiyu don ita nake so in ji. Me ya hana ni ɗaukarta a ranar? Mota ce babu? Akwai. Kunya ce. Ina tunanin yadda zan koma in tsaya gaban 'yar yarinyar likitar nan in sunkuyar da kai. Kwana biyu cur na ƙara saboda kada a ce mahauci bai san ƙashi ba. Sai da Ummi ta fara sambatu tana kiran Laure da sunan ƙawarta ta makaranta, sannan na nemo mota.

Likitar nan ce dai muka tarar. Na shirya wa zagi, na ma so ta zage ni. Ta sa almakashi ta yanke tsumman, ta kalli abin da ke ciki, ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta juya ta fara ba ma'aikata umarni. Ko kallona ba ta yi ba. Daga baya wani nas ya gaya mini da fillanci cewa in ba a cire ƙafar a ranar ba, yarinyar ce za a rasa. Na sake sa hannu a wata takarda. Abin da na gudu da ita don kada a yi mata, shi na kawo ta aka yi, daga ƙasan gwiwa.

Matata ta yi watsi da jego, ta goyo jariri ta zo. Sati bakwai muka yi a asibitin nan. Na koyi juya majinyaci, na koyi riƙe ledar ruwa, na san kowane benci na barandar nan da inda inuwa take kaiwa da azahar. Ummi takan farka ta ce, "Baba, babban yatsana na ƙaiƙayi," in miƙa hannu in tarar da zanen gado kawai. In sosa zanen, don ban san me zan yi ba, ita kuma ta ce yauwa, ya daina. Ban sani ba ko ya daina ɗin ne ko tausayina take ji.

Wata rana da safe likita ta shigo zagaye, matata ta miƙe da jariri a baya ta nuna ta da yatsa. Da Hausa ta yi, don ba ta jin faransanci. Ta ce, "Kin kore mu da yarinya tana jini, yanzu kin zo kin yanke mata ƙafa kina mana murmushi. Allah ya isa tsakanina da ke." Na ce a raina yau asirina ya tonu. Likitar ta juya ta tambayi Ummi me mamanta ke cewa. Ummi ta kalle ni sau ɗaya, sannan ta amsa da faransanci, kuma wannan kam ko ni na gane. Ta ce mamanta gajiya ce ta yi mata yawa, tana godiya. Likitar ta dafa kafaɗar matata ta wuce, matata ta kakkaɓe wurin. Ma'aikatan asibitin duk sun ɗauka uwar ta san yadda aka yi, ba wanda ya tayar da maganar. Ni kuma da na sani, na tsaya riƙe da kofin shayi kamar gunki.

Tun da muka dawo gida ban sake zama daidai ba. Kullum bayan sallar la'asar matata takan zauna a kan dardumarta ta ɗaga hannu ta ce duk wanda ya yi sanadin ƙafar 'yarta, Allah ya hana shi kwanciyar hankali duniya da lahira. Sai ta juyo ta ce, "Malam, ba ka ce amin ba." In ce amin. Jama'a, akwai wanda ya taɓa cewa amin a kan tsinuwar da ya san kansa za ta sauka? Ni kullum sai na ce. Kuma addu'ar tata ta karɓu tun ba a je ko'ina ba. A kasuwa ba na iya saran ƙafar saniya, in na ɗaga barandami sai hannuna ya ƙi sauka, abokan sana'a na zolayata wai tsufa ya zo. Ko naman da aka yanka yanzu-yanzu ne sai in riƙa jin warin nan a cikinsa, in ta shinshina har mai saye ya tsargu ya wuce. Jar kazar nan kuwa Laure ta dawo da ita cikin kayanmu, ta warke sumul, ko ɗingishi ba ta yi. Tana yawo a tsakar gida tana tono a gaban kujerar da Ummi ke zama da sandunanta. Sau uku ina kama ta in ɗauko wuƙa, ni da nake kayar da bijimi, in kasa, in sake ta.

Ummi ba ta taɓa yi mini maganar ba. Tana gaishe ni kamar da, tana karanta mini takardu kamar da, sai dai ta daina zolayar faransancina. Da ta tsane ni a fili da na fi samun sauƙi.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne yayan matata, wanda yara ke kira Kawu. Ɗan boko ne, yana aiki a wani ofis a cikin gari, kuma yana son Ummi kamar ransa. Ya ce ba za a bar maganar nan ta tafi a banza ba, gobe wani ɗan za a kora. Ya rubuta ƙara zuwa ga shugabannin asibitin, da sunan likitar a ciki, wai ta sallami majinyaciya da buɗaɗɗiyar karaya. Na ce masa a bar wa Allah, ya ce irin wannan barin ne ya sa ake raina talaka. Matata ta ce in ni ba ni da zuciyar bin haƙƙin 'yata, ita tana da ɗan uwa. An amsa masa. Ranar Alhamis mai zuwa an kira mu zama, ni da shi da Ummi da uwarta, likitar ma za ta zo. Na san abin da za su ajiye a kan tebur. Takardar nan tana nan cikin fayil, kuma Kawu ba ya buƙatar a fassara masa.

Jiya da hantsi ban fita kasuwa ba, na ce kaina ke ciwo. Matata ta kai jariri rigakafi. Ina zaune a zaure sai na ji ƙarar sanduna, ƙwas, ƙwas, Ummi ta fito ta jingina da bango, ta ƙi zama. Ta ce tana da magana. Ta faɗe ta tsaf, da gani ta daɗe tana shirya ta.

"Baba, in sun fito da takardar, rubutuna ne a kai. Zan ce ni na tsorata da aikin, na yi ta kuka na ce in ba ka fitar da ni ba zan sha wani abu. Zan ce ni na roƙe ka ka gaya wa Mama likita ce ta sallame mu. Kai ka yi shiru kawai."

Na ce, "Ummi, ki ɗauki laifina ki ɗora a kanki? Bayan abin da na yi miki?"

Ta ce, "Ni Mama za ta yi fushi ta huce, ba za ta iya tsine mini ba. Kai in ta ji, ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba, kuma ga jariri. Likitar ma ta fita, ba ruwanta." Ta gyara riƙon sandarta, sannan ta ce, "Ƙafar ta riga ta tafi, Baba. Kada gidan ma ya tafi."

Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne ubana, ita ce ma take ce mini in yi haƙuri kada maƙwabta su ji.

To ga ni, jama'a. In na yi shiru ranar Alhamis, likita ta kuɓuta, aurena ya tsira, ina nan da mutuncina a kasuwa. Amma yarinyar da ta ce mini ba ta tsoron aiki za ta zauna gaban uwarta da kawunta ta ce ita ce matsoraciya, ita ta jawo wa kanta, kuma haka dangi za su riƙa faɗa har ta tsufa. In na buɗe baki, na san matata, ba za ta yafe ƙaryar wata biyar da amin ɗin da na riƙa amsa mata ba, kuma na rushe abu ɗaya tak da 'yata ta roƙe ni in bar mata. Na ƙi jin maganarta sau ɗaya, ta rasa ƙafa. Yanzu ta sake roƙona, kuma abin da take roƙo shi ne in bar ta ta biya mini. In gaya wa matata tun kafin ranar? In je in sami Kawu shi kaɗai? Ko in bi abin da yarinyar ta tsara in ci gaba da kallon idonta kullum?

Kwana uku suka rage. Ɗazu na ji ta a ɗaki ita kaɗai tana maimaita abin da za ta faɗa, da faransanci, sannan da Hausa don mamanta ta ji da kyau.

Don girman Allah, me zan yi?